Martani Ga Mai Cewa A Bar Yaro Mai Lalura Da Ƙoƙon Bararsa

Kwanakin baya wani ɗan'uwa ma'abucin alƙalami, wanda aka sani da kyakkyawar niyya da tausayin talakawa, ya wallafa maƙala a kan iyayen da Allah Ya jarraba da 'ya'ya masu lalura, watau makafi da kurame da guragu da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami tawaya. Da yake maƙalar ta zaga hannun jama'a, har ana kafa hujja da ita a majalisu, sai na ga yin shiru a kanta ba zai zama adalci ba ga yaran nan da ake yanke hukunci a kan rayuwarsu, alhali kuwa ba su da bakin da za su sa a cikin muhawarar.

Insafi ya wajabta mini in fara da kawo maganarsa yadda ya nufe ta. Malam marubuci yana ganin cewa naƙasa ƙaddara ce daga Allah, wadda ba abin da ya kamace ta sai haƙuri da sallamawa. Cewa Hausawa tun kaka da kakanni suna da tsarin da ya ɗauke nauyin masu lalura, ga Sarkin Makafi ga Sarkin Guragu ga Sarkin Kutare, jama'a na ba da sadaka suna samun lada, mai karɓa kuma yana samun abin kai wa bakin salati. Cewa magidanci matalauci mai 'ya'ya da yawa ya fi dacewa ya zuba ɗan abin da yake da shi a kan ɗan da yake da lafiya, wanda gobe zai tallafi gida har da shi mai lalurar. Cewa makarantun makafi da na kurame baƙin abu ne, masu nisa, masu raba yaro da iyayensa da addininsa. Daga ƙarshe kuma ya ce wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba ya koyon kome, sutura gare shi ita ce a bar shi a cikin gida, kada yara su mai da shi abin tsokana. Ban yi shakkar cewa tausayi ne ya sa shi faɗin wannan duka ba, sai dai tausayin da ba a auna shi da ilimi ba yakan cutar da wanda aka tausaya wa fiye da yadda ƙiyayya za ta yi, domin mai ƙiyayya ana tsare kai daga gare shi, mai tausayi kuwa ana miƙa masa wuya.

Maganar ƙaddara gaskiya ce, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya da ita, amma Malam ya haɗa abu biyu ya kira su da suna guda. Makantar yaro ƙaddara ce da ta auku ba da shawarar kowa ba. Fitar da shi bakin masallaci da ƙoƙo a hannu yana ɗan shekara bakwai kuwa shawara ce da manya suka zauna suka yanke, kuma za a tambaye su a kanta. A wane littafi ne aka ce imani da ƙaddara yana soke riƙo da sababi? Sa'ad da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can, ai juyowa ya yi da jama'arsa, kuma da aka yi masa magana a kan gudun ƙaddara sai ya nuna cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take. Wanda ya fi mu sanin tawakkali ke nan.

Bal ma da yawa daga cikin lalurorin da muke jingina wa ƙaddara kawai, mu juya baya, suna da sababai sanannu waɗanda hannun mutum yake iya kaiwa gare su. Ƙyanda, idan ta haɗu da ƙarancin abinci mai gina jiki, tana cinye idon yaro, ga kuwa rigakafinta kyauta a asibitin unguwa. Sanƙarau da ya afka wa arewacin Nijeriya a 1996 ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai yara masu yawa da suka tashi ba sa ji. Doguwar naƙuda a gida, da shawarar jarirai da ake yi wa jiƙo ana jira har ta hau ƙwaƙwalwa, su ne asalin yara da yawa da suke kwance yau wuyansu bai tsaya ba. Shan inna kuwa duk mun shaida labarinta: a 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano saboda zargi, ba a koma ba sai a watan Yulin 2004, sakamakon haka cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka Sudan da Yaman da Indonesiya, amma da sarakuna da malamai da iyaye mata suka tashi tsaye, sai ga shi a watan Agustan 2020 an shelanta cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Shin ƙaddara ce ta canja tsakanin 2003 da 2020, ko kuwa mutane ne suka riƙi sababin da Allah Ya hore musu? Haka nan jaririn da aka haifa ƙafarsa a murɗe ta dubi ciki, in an kai shi da wuri, ɗaurin filasta da ake sabuntawa mako-mako yakan miƙar da ita cikin 'yan makonni, a biyo baya da takalmin da zai riƙa kwana da shi. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan a Kano domin irin wannan. Yaron da yana ta rufe masa ido ana yi masa aiki ya gani, a asibitin ido na ECWA da ke Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Uban da aka gaya wa ya zauna ya yi haƙuri kawai, har shekarun gyara suka wuce, wa zai ɗauki alhakin ɗansa?

To, a ce lalurar ta tabbata, babu magani. Nan ne nake son Malam ya waiwayi littattafan da ke jere a zaurensa, domin amsar maƙalarsa tana cikinsu. Duk almajirin da ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya sha maimaita isnadin nan na Malik daga Abuz Zinad daga A'araj daga Abu Huraira. A'araj ɗin nan, Abdurrahman ɗan Hurmuz, gurgu ne, kuma ta hannunsa hadisai masu yawa suka iso mana. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda fatawa ta tuƙe gare shi a Makka a zamanin Tabi'ai, yana ɗingishi, hannunsa shanyayye ne, daga baya kuma ya makance. Ƙatada ɗan Di'ama, wanda masu tafsiri ba sa wadatuwa da barin maganarsa, da makanta aka haife shi. Imamu Shaɗibi, mutumin Andalus da ya rasu a Alƙahira a shekara ta 590 bayan Hijira, wanda har gobe ba a zama gwani a ilimin ƙira'o'i sai an bi ta kan ƙasidarsa, makaho ne. Kafin su duka akwai Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi aka shagala ga barinsa saboda manyan Ƙuraishawa, sai Allah Ya saukar da farkon Suratu Abasa a kan sha'aninsa. Ya zama ladani tare da Bilal, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barinsa ya ja wa mutanen Madina salla idan zai fita yaƙi. Ya kamata a lura da abin da ya kawo shi ranar nan: karatu ya zo nema, kuma a kan jinkirta masa karatun ne aka saukar da ayoyin. Da iyayen waɗannan bayin Allah sun bi shawarar da aka ba iyayenmu a maƙalar nan, da wane irin giɓi za mu tarar a hadisi da tafsiri da ƙira'a?

Kada a ce wannan zamanin da ne ya wuce. Shaihu Abdul'aziz ɗan Baz ya rasa ganinsa yana saurayi, ya zama babban muftin Saudiyya. Ɗaha Husaini ya makance yana ƙaramin yaro a wani ƙauyen Masar, iyayensa suka sa shi a makarantar allo, ya wuce Azhar, ya yi digirin digirgir a Alƙahira da Faransa, a 1950 ya zama ministan ilimi na ƙasarsa. A nan ƙasar Hausa ma wane gari ne ba a san wani makaho mahaddacin Alƙur'ani a cikinsa ba, wanda masu ido suke gurfana gabansa yana gyara musu tilawa?

Game da tsarinmu na gargajiya, ina tare da Malam a kan cewa akwai abin yabo a ciki. Al'ummar da ta naɗa wa makafi da guragu da bebaye sarauta, suna sasanta rigingimunsu, suna aurar da junansu, suna da mai kai kukansu fada, ta yi abin da al'ummomi da yawa ba su yi ba. Kuramen Kano ma suna da harshensu na kansu, maganar hannu, wadda baƙi ba su kawo musu ba, har wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta wallafa littafi a kanta a 2000; kuma da yawansu teloli ne da kafintoci da masu wanki da guga, suna ci da guminsu. Wannan ɓangaren na al'ada shi ya cancanci a raya. Amma bara a kan titin Kano ko Kaduna ko Zinder a yau, tsakanin motoci da babura da masu fakon yara, ba ita ce karɓar sadaka a ƙofar gidan maƙwabci da ya san uwarka ya san ubanka ba. Kuma barar makaho ba shi kaɗai take ci ba, tana haɗawa da ɗan jagora, yaro ko yarinya mai lafiya da aka cire daga makaranta domin riƙe sanda, don haka gida guda yakan yi asarar 'ya'ya biyu a lokaci guda.

Abin da ya fi yi mini nauyi a wannan babi shi ne cewar da aka yi jama'a na samun lada ta hanyarsu. Ashe za a tsayar da ɗan wani cikin rana da ƙura shekara da shekaru domin mu sami inda za mu ajiye canjinmu? Wa zai yarda a yi wa ɗan cikinsa haka? Ƙofofin lada ba su ƙare ba: mai son lada ya saya wa makaho allon rubutun Braille da tsinkensa, ya saya wa gurgu keke, ya biya wa kurma kuɗin koyon ɗinki, wannan ita ce sadakar da ke gudana bayan mai ita ya kwanta dama. Masu tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya yanka wa kutare albashi daga baitulmali ya hana su roƙo, ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima. Hukumar Musulunci ke nan fiye da shekara 1,300 da suka wuce ta ɗauki roƙo a matsayin abin da ake kuɓutar da mai lalura daga gare shi. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ita ma ta haramta amfani da mai lalura wajen bara, ta ba shi haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma nemi hukumomin gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Gaskiya ne aiki da dokar yana tafiyar hawainiya, sai dai maganin wannan a matsa wa hukuma lamba, kuma alƙalami irin na Malam yana cikin abin da ake matsa lambar da shi.

Lissafin magidanci matalauci shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a maƙalar, kuma ba zan raina ta ba, domin wanda bai taɓa kwana yana tunanin abin da za a ɗora a murhu gobe ba bai kamata ya yi wa talaka wa'azi da sauƙin baki ba. Amma shari'a ta riga mu duba mas'alar. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga, sai dai idan ya balaga da lalurar da ta hana shi nema, to nafaƙarsa ba ta sauka daga wuyan uban. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, yana kuma cikin Muhtasar na Halil, littattafan da ake karantawa a kowane zaure. Watau fuƙaha'u sun ƙara wa mai lalura haƙƙi fiye da 'yan'uwansa, a inda maƙalar take neman a rage masa. Sananne ne kuma cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da ita ban da sauran 'ya'yansa. Idan fifita ɗa guda da kyauta ya zama abin ƙi, yaya hana ɗa guda ilimi gaba ɗaya?

Ko da an bar shari'a an koma ga zallar maslaha, lissafin a juye yake. Ɗa mai lafiya, in karatu ya kuɓuce masa, yana da gona, yana da dako, yana da kabu-kabu. Mai lalura ba shi da jarin da ya wuce abin da ke cikin kansa da sana'ar da aka koya wa hannunsa, saboda haka shi ne mafi buƙatar makaranta a cikin gidan. Batun cewa ɗan'uwansa zai riƙe shi kuwa, uba ba ya dawwama, ɗan'uwa kuma zai yi aure ya tara nasa iyali, kuma mun ga yadda irin wannan riƙo yake ƙarewa. A Kano akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, suna da wurin walda inda suke ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa, suna koya wa matasa, suna ciyar da iyali, kuma su ne suka riƙa bi unguwa-unguwa suna roƙon iyaye su yarda a ɗiga wa 'ya'yansu maganin rigakafi. Waɗannan mutane ana riƙe su ne, ko su ne suke riƙe da wasu?

Zargin da ake yi wa makarantu yana da asali, domin 'yan mishan ne suka fara buɗe irinsu, kamar makarantar makafi ta Gindiri a 1953, kuma iyaye Musulmi suka yi ɗari-ɗari. Amma an daɗe da wuce nan. Akwai makarantar Tudun Maliki a Kano ta kurame da makafi, akwai irinta a Kaduna da Katsina da Sakkwato da Yamai, kuma Jami'ar Bayero tana horar da malaman ilimi na musamman. Rubutun ɗigo shida da Louis Braille, wani makahon Bafaranshe, ya tsara yana saurayi ya wallafa a 1829, yau da shi ake buga Alƙur'ani mai girma, makaho ya bi da yatsa ya yi muraja'a ba tare da jiran mai karanta masa ba. Ina raba yaro da addini a nan? Kurman da bai sami harshe ba, ta yaya za a sanar da shi farillan alwala, ko ma a sanar da shi Wanda ya halicce shi? Mafi yawan yara kurame iyaye masu ji ne suke haifarsu, kuma shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa take kama harshe, na baki ne ko na hannu. In suka wuce yaro yana zaune cikin mutanen da ba wanda yake iya magana da shi, sai dai duka a kan taurin kan da ba shi da shi, an yi masa asarar da take da wuyar mayarwa. Uwar da ta koyi maganar hannu domin ɗanta ta yi masa abin da likita ba zai iya yi masa ba. Sannan yara da yawa ba su ma buƙatar makaranta ta daban: gurgu gangara yake so a bakin aji da bayin da kekensa zai shiga, mai raunin gani ko ji kuma kujerar gaba da malami mai haƙuri.

Saura maganar waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami tawaya, kuma a nan ne na fi jin ciwon abin da aka rubuta, domin su ne mafi rauni, iyayensu mata kuma su ne mafi kaɗaici. A kan irin wannan yaro ne ake cewa ɗan ruwa ne, aljanu sun yi musanya. A kansa ne ake zargin uwa da cewa daga danginta abin ya fito, wani lokaci a sake ta, ta koma gidansu da goyon da ba ya sauka daga baya. Shi ne ake turawa ƙuryar ɗaki idan baƙi sun yi sallama, wani ma a ɗaure shi da mari. Mai farfaɗiya kuwa a watse a bar shi idan ya faɗi, don tsoron kada yawunsa ya taɓa mutum, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma mafi yawan masu ita maganin asibiti da ake sha kullum yana tsayar musu da faɗuwar. Wannan shi ne ainihin abin da ke bayan ƙofar da Malam ya kira sutura. Yarinyar da aka kulle, ba a koya mata sunayen gaɓoɓinta ba, ba a koya mata ƙin wanda ya taɓa ta ba, ba ta san kowa a waje da za ta kai wa ƙara ba, ita ce ta fi kowa shiga hatsarin mugun mutum, kuma sau da yawa mugun ba daga nesa yake zuwa ba.

Cewa ba sa koyon kome kuwa, duk uwar da ta yi jinyar irin wannan yaro za ta ƙaryata shi. Suna koyo a hankali, da maimaici, kowa gwargwadon abin da Allah Ya ba shi. Wani likitocin gashin ƙashi sukan koya wa uwarsa yadda za ta riƙa motsa masa gaɓoɓi da zaunar da shi har wuyansa ya tsaya. Wani ya kai ga ɗaukar cokali da kansa, ya faɗi buƙatarsa ta bayi, ya sa rigarsa. Wani ya haddace Fatiha, ya yi kiwon awaki, ya tsare shago tare da wansa. Mai kallo daga nesa zai ga ƙaramin abu ne, amma yaron da ya iya ciyar da kansa ya sauke wa uwarsa aikin shekaru, ya kuma sami mutuncin da zai rayu da shi bayan ranta. An ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa bai cika ba, wannan gaskiya ne, sai dai nasa taklifin aka ɗauke. Na uba da na dangi da na mai unguwa da na hukuma yana nan daram. Tsokanar yara da ake tsoro kuwa, 'ya'yanmu ne masu tsokanar, kuma su ya kamata a tsawata wa a yi musu tarbiyya, maimakon a hukunta wanda aka tsokana da ɗaurin rai da rai a cikin ɗaki.

Matsayina, ya ɗan'uwa, shi ne ɗa mai lalura yana bin ubansa bashin duk abin da sauran 'ya'ya suke binsa, na suna mai kyau da ci da sha da magani da karatun addini da na zamani da sana'a, da ƙarin abin da lalurarsa ta hukunta, kuma abin da ya fi ƙarfin uba ya koma kan dangi da masu zakka da gwamnati. Ina roƙon Malam, tun da jama'a suna sauraronsa, ya ziyarci ɗaya daga cikin makarantun nan ya zauna a aji, ya tambayi iyaye mata da ke layin asibiti da 'ya'yansu a baya abin da suke buƙata, sa'an nan ya sake ɗaukar alƙalami ya tambayi gwamnonin jihohinmu malaman Braille da na maganar hannu nawa suka ɗauka aiki tun da aka sa hannu a dokar 2019.